Amawali da makirufo

A fadojin ƙasar Hausa, daga Damagaram zuwa Katsina, daga Gobir zuwa Kano, sarki ba ya zama gaban jama'a da baki a buɗe. Amawali yana rufe masa leɓe, muryarsa ba ta wuce mutum biyu ko uku da ke kusa da shi, sa'an nan wani bafade ya ɗauki abin da aka faɗa ya ɗaga murya ya isar wa mai gaisuwa. In sarki zai yi tari ko zai gyara zama, sai dogarai su baza manyan rigunansu su kare shi daga ido. Mai kallo daga nesa zai ce ƙasaita ce kawai, alhali kuwa akwai dabarar mulki a ciki. Tsakanin harshen sarki da kunnen talaka an ajiye mutum guda: in kalma ta fito a karkace a bakinsa za ta miƙe, in kuma ta ƙi miƙewa, laifin na bafade ne.

Kowace al'umma ta yi wa shugabanninta irin wannan amawali, ko da ba na ƙyalle ba ne. A Turai da Amurka, har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, ƴan jarida ne dogaran. Abin da minista ya faɗa a kan teburin abinci ko cikin jirgin ƙasa ba a cika buga shi ba, kuma ko an buga, ƙofar musu a buɗe take: sai ya ce an juya masa magana, a bar mai karatu tsakanin rantsuwar babban mutum da ta ɗan jarida. Masu iya magana sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Gaskiya ne, amma bunun da aka zara a da iska ke kwashe shi. Da na'urar ɗaukar magana ta zo, sai aka sami mai tsince shi ya adana, ya fito da shi ranar da ya ga dama.

Shugaban da ya fara faɗawa wannan rami har ya rasa kujerarsa, shi ya haƙa ramin da hannunsa. A watan Fabrairu na 1971 Richard Nixon, shugaban Amurka, ya sa aka dasa makirufo a ofishinsa, biyar cikin teburinsa, biyu a jikin bango. Ba shi ya fara ba: Roosevelt da Kennedy da Johnson duk sun ɗauki wasu hirarrakinsu a ɓoye. Sai dai su nasu yana da makunni, sai sun so suke kunnawa. Na Nixon kuwa murya ce ke tashe shi, da an fara magana faifai ya fara juyawa. Yana son ya sami abin da zai rubuta tarihinsa da shi bayan ya sauka, kuma ya riƙe shaida a kan wanda ya ba shi shawara kaza ranar kaza. Abin da bai lissafa ba shi ne mantuwa. Mutum ba ya iya yin wata da watanni yana tauna kowace kalma a cikin ɗakinsa, don haka ba a daɗe ba ya koma magana kamar yadda ya saba. Kafin a kashe na'urar a watan Yuli na 1973 ta haɗiye kimanin awa 3,700 na hira.

Ranar 17 ga Yuni 1972 aka kama mutum biyar sun fasa ofishin jam'iyyar adawa ta Dimokurat a ginin Watergate. Shekara guda ana bincike, Nixon yana rantsuwa bai san komai ba, har ranar 16 ga Yuli 1973 da wani hadiminsa, Alexander Butterfield, ya shaida wa kwamitin Majalisar Dattawa cewa ai akwai faifai. Daga ranar rikicin ya koma kan tambaya guda: wa zai ji su? Nixon ya yi ta ja, ya kori mai binciken da ya matsa masa, aka kuma tarar da wani faifai an shafe masa minti 18 da rabi. A ƙarshen Afrilu na 1974 ya yi dabarar da ya zata za ta fishe shi: maimakon faifan, ya saki rubutaccen kwafinsu, shafi fiye da 1,200, wanda shi da kansa ya tace. Duk inda ya yi ashar aka cire kalmar, aka rubuta cewa an goge zagi a nan.

Wannan alama, da ta yi ta maimaituwa shafi bayan shafi, ta yi masa ɓarnar da zagin kansa ba lalle ya yi ba, domin kowa ya cike gurbin da mafi munin abin da ya sani. Mutanen da suka zaɓe shi a 1972, har ya ci jiha 49 cikin 50, da yawansu masu zuwa majami'a ne, sun ɗauke shi dattijo mai kame baki, mai wa'azin bin doka. Sai suka ji wani mutum daban: mai ƙullaci, mai lissafin kuɗin toshe bakin ɓarayi, mai zagin abokan gaba da na arziki. Hugh Scott, jagoran jam'iyyarsa a Majalisar Dattawa, ya kira abin da ya karanta abin ƙyama. Jaridar Chicago Tribune, da ta daɗe tana mara masa baya, ta ce ya sauka. Ranar 24 ga Yuli alƙalai takwas na Kotun Ƙoli suka haɗa baki suka umarce shi ya miƙa faifan. A cikinsu akwai na ranar 23 ga Yuni 1972, inda aka ji shi yana amincewa a sa hukumar leƙen asiri ta CIA ta tsayar da binciken FBI. Aka sake shi ranar 5 ga Agusta, ranar 9 Nixon ya bar fada. Laifi ne ya tsige shi, amma tun kafin laifin ya tabbata halin da aka ji a faifai ya riga ya raba shi da masu tsaya masa.

Faifan nan ba su daina cizo ba ko bayan masu muryar sun kwanta dama. A 2019 aka fito da wata hirar tarho ta Oktoba 1971, kashegarin ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba gwamnatin Beijin kujerar Sin, wakilan Tanzaniya suka yi rawar murna a zauren. Gwamnan Kalifoniya na lokacin, Ronald Reagan, ya kira Nixon yana huci, ya kira wakilan Afirka birai, ya ce har yanzu ba su saba da takalmi ba. Nixon ya yi dariya. Shekara 48 maganar tana kwance, shekara 15 bayan mutuwar mai ita ta tashi.

Shi dai wannan Reagan, da ya zama shugaba, ya yi wata katoɓarar da ta fito tun yana kan mulki, kuma a kanta ne ake ganin cewa ba kowace suɓul da baka ke kada mutum ba. Ranar 11 ga Agusta 1984, ana gwada makirufo kafin jawabinsa na mako a rediyo, ya ce wa ma'aikata cikin raha ya sa hannu a dokar da ta haramta Rasha har abada, nan da minti biyar za a fara ruwan bama-bamai. Ba a watsa kai tsaye ba, amma an ɗauka, kuma ta fita. Masko ta yi tir, jaridun Turai suka yi ca a kansa, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, kowane ɓangare da dubban makaman nukiliya. Wata uku bayan haka Reagan ya ci jiha 49, kamar Nixon a da. Dalili a bayyane yake: tun 1983 ya kira Tarayyar Sobiyet daular sharri a bainar jama'a, kuma kowa ya san shi da barkwanci. Wanda aka ji a ɓoye shi ne wanda aka saba gani a fili. Faifan bai tona komai ba.

Ke nan ba kaifin kalma ke yanka ba, tazarar da ke tsakanin maganar zaure da ta ƙuryar ɗaki ce. Babu inda wannan ya fi fitowa da zafi kamar Hangari, a tsakiyar Turai, inda aka hukunta mutum a kan ranar da ya faɗi gaskiya. A watan Afrilu na 2006 jam'iyyar gurguzu ta firaminista Ferenc Gyurcsány ta sake cin zaɓe, bayan ta yi wa jama'a alkawarin sauƙi alhali baitulmali ya kusa ƙonewa. Wata guda bayan nasarar ya tara ƴan majalisar jam'iyyarsa a wani gidan hutu na gwamnati a bakin tafkin Balaton, aka rufe ƙofa. Nufinsa ya girgiza su, su yarda da tsuke bakin aljihu da gyaran da ba makawa. Sai ya yi musu magana da harshen kasuwa, da ashar a ciki: ya ce sun yi shekara ɗaya da rabi ko biyu suna ƙarya, safe da yamma da dare, kuma shekara huɗu ba su tsinana abin da za su yi alfahari da shi ba. Wani a cikin gida ya fitar da faifan. Ranar 17 ga Satumba gidan rediyon ƙasa ya watsa shi, daren kashegari masu zanga-zanga suka afka wa ginin telebijin na ƙasa a Budapest, aka ƙone motoci, aka jikkata mutane da yawa, ƴan sanda da farar hula.

Gyurcsány bai musa ba. Ya ce muryarsa ce, kuma jawabi ne na mai son a daina ƙarya. Majalisa ta kaɗa masa ƙuri'ar amincewa a Oktoba, ya ci gaba da mulki har 2009. Amma abin da talaka ya ji ba kiran gyara ba ne: ya ji cewa manya sun san suna yaudararsa, suna faɗa wa junansu a ɗaki, suna zuwa dandali su roƙi ƙuri'arsa da wata fuska. A zaɓen 2010 jam'iyyar ta tashi da kujera 59 cikin 386, Viktor Orbán ya kwashi kashi biyu cikin uku na majalisa, ya kuma riƙe ƙasar fiye da shekara 15. Da Gyurcsány ya faɗi rabin wannan gaskiya a gaban masu zaɓe a watan Maris, mai yiwuwa ya faɗi zaɓen, amma da jam'iyyarsa ta tsira da mutuncinta.

A waɗannan shekaru ne na'urar ta sauka daga hannun gidajen rediyo ta shiga aljihun kowa, intanet kuma ta ɗauke wa editoci ikon cewa wannan a watsa, wannan a bari. Faransawa sun ga haka ranar 23 ga Fabrairu 2008, a bikin baje kolin noma na Paris. Nicolas Sarkozy yana ratsa taro yana miƙa hannu, wani mutum ya ƙi karɓa, ya ce kada ya taɓa shi ya ɓata shi. Shugaban ƙasa, murmushi bai bar fuskarsa ba, ya mayar masa da kalma huɗu irin na ƴan tasha, mafi ladabin fassararsu ita ce: to gusa can, sakarai. Jaridar Le Parisien ta ɗora hoton bidiyon a intanet, kafin kwana biyu ya zaga ƙasar. Kujerar da De Gaulle da Mitterrand suka zauna a kai, masu magana kamar ana karanta littafi, ita ce ta yi wannan furuci, kuma ya faɗa daidai kan zargin da ake yi wa Sarkozy tun farko, cewa rigar ta fi shi girma. Ƙarshen labarin ya fi farkonsa daɗi. A watan Agusta na shekarar, a garin Laval, wani ɗan adawa ya rubuta kalmomin nan a kwali ya ɗaga wa ayarin shugaban. Aka gurfanar da shi bisa dokar 1881 mai hana cin mutuncin shugaban ƙasa, aka ci shi tarar yuro 30, wajen jika 20 ke nan na kuɗin CFA, ita ma ta jeka-ka-gyara-halinka. Ya kai ƙara har kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, a Maris 2013 ta ba shi gaskiya, a Agusta Faransa ta soke laifin ɗungum. Dokar da ta yi shekara 132 tana kare shugabanni, zagin da shugaba ya yi da bakinsa ne ya yi ajalinta.

Amma wanda ya fi kowa shan wannan azaba a gaban idon duniya, daga farko har ƙarshe cikin yini guda, shi ne Gordon Brown, firaministan Birtaniya. Ranar 28 ga Afrilu 2010, saura kwana takwas zaɓe, ya je yaƙin neman ƙuri'a a Rochdale, kusa da Manchester, a arewacin Ingila. Ana sukarsa da cewa ba ya haɗuwa sai da zaɓaɓɓun magoya baya, don haka muƙarrabansa suka jawo masa wata dattijuwa da ta fito sayen burodi ta tsaya tana ɗaga murya. Mijinta ya rasu, ta yi shekaru tana aikin kula da yara naƙasassu, kuma ita da iyayenta duk ƴan jam'iyyarsa ta Leba ne. Ta tambaye shi bashin ƙasa, da harajin da ake cire mata a fansho, da makomar jikokinta a jami'a, sa'an nan ta tambayi daga ina duk waɗannan mutanen gabashin Turai suke kwararowa. Tambayar tana da tushe: tun 2004, da Poland da wasu ƙasashe suka shiga Tarayyar Turai, gwamnatin Leba ta buɗe musu ƙofar aiki, suka zo da yawan da ba a yi hasashe ba. Brown ya amsa da ladabi, ya tambayi jikokin, ya yaba wa gidansu, suka rabu da fara'a. Ta gaya wa ƴan jarida shi za ta zaɓa.

Ya shiga mota, aka rufe ƙofa, ya manta ƙaramin makirufon gidan telebijin na Sky yana maƙale a ƙirjinsa. Ya ce wannan masifa ce, bai kamata a haɗa shi da matar nan ba, dabarar wa ce? Ya ambaci sunan wata hadimarsa da ta yi shekaru tana masa aiki. Da aka tambaye shi me matar ta ce, ya ce wata mai ƙyamar baƙi ce kawai, wai da ƴar Leba ce. Kafin ya isa gidan rediyon BBC inda ake jiransa da hira, maganar ta riga shi. Aka kunna masa muryarsa kai tsaye, akwai kuma kyamara a ɗakin, duniya ta ga firaminista ya sunkuyar da kai ya dafe goshi yana sauraren kansa. Ƴan jarida suka tare dattijuwar a titi suka gaya mata. Fuskarta lokacin da ta ji ta fi kowane sharhi. Da rana Brown ya juya ayarinsa ya koma Rochdale, ya shiga gidanta ya yi wajen minti 40 yana ba da haƙuri, ya fito ya kira kansa mai zunubi da ya tuba. Ita ba ta fito ta tsaya kusa da shi ba. Daga baya ta ce kiranta da ya yi "matar nan" ya fi mata ciwo a kan ɗaya kalmar.

Ba za a ce wannan ne ya kayar da Leba ba. Jam'iyyar ta yi shekara 13 a kan mulki, tattalin arziki ya durƙushe a 2008, an daɗe ana hangen faɗuwarta, kuma abin ban dariya, kujerar Rochdale ɗin ita ta ci, da ratar da ba ta kai ƙuri'a dubu ba. A ƙasa baki ɗaya ta sami kujera 258, ranar 11 ga Mayu Brown ya sauka. Abin da faifan ya yi shi ne ya haɗa zarge-zarge uku cikin daƙiƙa ƙalilan: cewa mutumin yana da zafin rai a ɓoye, yana ɗora laifi a kan na ƙasa da shi, kuma manyan jam'iyyar ma'aikata sun fara raina ma'aikatan. Na ukun ya fi daɗewa. Shekara shida bayan haka, da aka yi ƙuri'ar raba-gardama kan fita daga Tarayyar Turai, Rochdale da garuruwa irinta suka zaɓi fita, masu sharhi kuma suka yi ta komawa kan wannan mota.

Barori sun daɗe suna jin abin da iyayen gidansu ke faɗa; direba da kuku da mai shara ba su taɓa zama kurame ba, shaidarsu ce ba ta da nauyi. Mitt Romney, ɗan takarar shugabancin Amurka, ya manta da su a wata liyafar tara kuɗi a Florida a watan Mayu na 2012, inda kowane baƙo ya biya dala 50,000. Ya ce wa attajiran kashi 47 cikin ɗari na Amurkawa sun dogara ga gwamnati, suna ganin kansu abin tausayi, kuma ba aikinsa ba ne ya damu da su. Wani ma'aikaci mai zuba wa baƙi abin sha ya ajiye ƴar kyamararsa a kan kanta. A Satumba mujallar Mother Jones ta saki hoton, a Nuwamba Romney ya faɗi, da kashi 47 na ƙuri'u.

Shekarar 2016 ta kawo misalai biyu irin na Reagan. A Oktoba, bayan Aisha Buhari ta gaya wa sashen Hausa na BBC cewa wasu tsiraru sun ƙwace gwamnatin mijinta, kuma in ba a gyara ba ba za ta sake fita yi masa yaƙin zaɓe ba, aka tambayi marigayi Muhammadu Buhari a Berlin, yana tsaye kusa da Angela Merkel. Ya yi dariya ya ce bai san jam'iyyar matarsa ba, amma ita ta madafa ce da falo da ɗayan ɗakin. Jaridun duniya suka yi masa caa, kakakinsa ya ce raha ce, shi kuwa bai janye ba, kuma a 2019 ya sake cin zaɓe da ƙuri'a fiye da miliyan 15. Mako guda kafin maganar Berlin jaridar Washington Post ta fito da wani faifai na 2005 inda Donald Trump yake alfahari da yadda yake taɓa mata ba da izininsu ba. Manyan jam'iyyarsa da dama suka gudu, aka ce ya gama. Wata guda bayan haka ya ci zaɓe. Masu ƙinsu sun ji abin da suka riga suka sani, masu sonsu ma haka.

Duk wannan tarihi, daga Nixon zuwa nan, a kan abu guda ya tsaya: in an ji muryar mutum, to shi ne. Wannan ma ya fara girgiɗi. Trump, da ya ba da haƙuri a kan faifansa a 2016, jaridar New York Times ta ruwaito a 2017 yana gaya wa na kusa da shi wai yana shakkar muryarsa ce. A yau kwamfuta tana iya kwaikwayon muryar kowa daga ɗan guntun jawabinsa, ƙofar musun da faifai ya rufe ta sake buɗewa, kuma wata sabuwa ta buɗe kusa da ita. A Sulobakiya, a Satumba 2023, saura kwana biyu zaɓe, wata murya ta bazu a Facebook, wai ta Michal Šimečka ce, jagoran jam'iyyar da ke kan gaba-gaba, yana shirya sayen ƙuri'u da wata ƴar jarida. Jabu ce, su biyun suka ƙaryata, masu bincike suka tabbatar. Sai dai an sake ta ne a cikin kwanakin da doka ta hana kafofin watsa labarai maganar zaɓe, don haka ƙaryar ta yi ta yawo a wayoyi, ƙaryatawar ba ta sami inda za ta tsaya sosai ba. Ranar 30 ga wata aka jefa ƙuri'a: jam'iyyar Robert Fico ta zo ta ɗaya, ta Šimečka ta biyu.